Ɗakin Karnukan Khawaja

Da sunan Allah nake farawa, shi ya saukar da ciwon, shi kuma ya ɗauke shi. Ni Maryama, haifaffiyar Hindawiyya a nan Jidda, mai sayar da gyaɗa da alewa a bakin kasuwar Balad, na zauna in rubuta jinyar maigidana ne saboda duk shekara in zafi ya shigo sai na ga wani yana shirin yin irin wautar da muka yi. Na ce muka yi, domin ni ma da hannuna a ciki dumu-dumu.

Sunan maigidan Haruna, ko da yake bakina bai taɓa kiransa haka ba. Abu Hauwa nake ce masa, da sunan 'yarmu tilo da ke aure a Makka. Daga Sudan iyayensa suka ƙetaro da shi yana ƙarami, ya yi shekara ashirin yana dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ce ya gaji. A farkon shekarun saba'in, lokacin da gari ya cika da baƙi masu gine-gine, ya samu aikin gadi da ban ruwan shuke-shuke a gidan wani Khawaja, Bature injiniya, can gefen Sharafiyya. Aiki mai sauƙi, sai abu ɗaya: matar Khawaja tana da karnuka biyu 'yan ƙanana, kowanne bai kai ɗan akuya ba. Sunayensu na Turawa ba su zauna a bakina ba, daga baya na raɗa musu nawa. Farin, tsoho mai gashi buzu-buzu da ƙiba da ɗan guntun hanci, shi ne Auduga. Baƙin, mai haushi ko ganye ya motsa, Barkono.

Ni kaina ba gaya mini ya yi ba cewa shi ke yi musu hidima. Farin gashi na dinga gani a rigarsa in na zo wanki, har na tsare shi da tambaya. Ya tura ƙofa, ya rage murya kamar wanda ya yi sata.

"Ummu Hauwa, wallahi in maganar nan ta fita, ba ni ba shiga sahu. Ni da nake kiran salla in ladan ba ya nan, a ce ina yi wa kare hidima? Halas, shi ke nan, ki binne ta a cikinki."

Na binne ta. Ko yayarsa, Yaya Kaltume, da muke layi ɗaya da ita, ba ta sani ba.

Da watannin zafi suka kama, Khawaja da matarsa suka tafi ƙasarsu hutun wata biyu. Suka kulle ɗakunan gidan kaf, ban da guda ɗaya a ƙasa mai daɓen tayil, inda suka bar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana aiki ba tsayawa saboda karnukan. Shi kuwa mai gadi nasa ɗakin yana bakin ƙofa, rufin kwano, in ka ajiye ƙullin burodi a ciki da rana ba ka bukatar tanderu.

Abin da yake yi a gidan sai daga baya na sani. Wani Bayamane mai shago a tsallaken titi ya gaya masa yawun kare najasa ce mai kauri, ba ta fita sai da wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Mutumin kirki ne, abin da aka karantar da shi ya faɗa. Shi kuma Abu Hauwa ya riƙe maganar gam. Kullum kafin azahar zai shiga ya ba su abinci, su yi ta tsalle suna lasar hannunsa da bakin rigarsa. Sai ya fito tsakar gida, ya tuɓe rigar, ya tsuguna gaban famfo rana na tsakiyar ka, ya wanke ta sau bakwai, ya wanke jikinsa, ya shanya ta a kan katanga, ya zauna gefenta ba ko hula yana jiran ta bushe, don salla ta same shi da tsarki. Bayan la'asar ya sake. Ɗaki mai sanyi yana bayansa taku biyar, bai taɓa zama a ciki ba ko na tsawon shan kofin shayi.

Ciwon bai faɗo gaba ɗaya ba, lallaɓowa ya yi. Satin farko ciwon kai ne, ya dawo gida ya ture tuwo, ya ce bakinsa ɗaci. Sai ƙafafunsa suka fara ɗaurewa in ya kwanta. Mutumin da ba ya faɗa ya zama abu kaɗan ya hau ni. Na kwaɓa lalle na shafa masa a tafin ƙafa da tsakar ka, na dama kunun tsamiya. Ya ce fitsarinsa ya koma kamar shayin da aka manta a wuta, na ce zafi ne, kowa haka yake. Ranar Talata da safe ya ce mini, har da murmushi, "Alhamdu lillahi, jiya ko gumi ban yi ba, jikin ya fara sabawa." Ni kuma na ce masa barka. Wannan barkar har yau tana ci mini rai.

A ranar Bayamanen ya lura bai ga wucewarsa masallaci da azahar ba. Ya leƙa ta ƙofa ya hango shi kife a gaban famfo, rigar na hannunsa. Shi ya sa shi a tasi ya kai shi asibitin gwamnati, shi ya aiko aka kira ni daga kasuwa.

Na iske mutane cike da baranda, leburori a kwance a ƙasa kowa da nasa a kansa, fanka ɗaya tana juya iska mai zafi. Mai tsaron ƙofa ya ce sai na nuna iƙama, takardar zamansa, ni kuwa da zanin kasuwa na zo. Na yi magiya, na yi faɗa, na koma na yi magiya. Wani ma'aikacin jinya Basudane, Allah ya ji ƙan iyayensa, shi ya ji ina surutu da Hausa ya ce, "Yalla, Hajiya, biyo ni." An tuɓe Abu Hauwa, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zanin gado, ana yayyafa masa ruwa, fankoki biyu a kansa, ƙanƙara a hammata da wuya. Na taɓa goshinsa, busasshe ƙayau, zafi kamar murfin tukunya. Bai san ni ba.

Likitan Bamisire ne, gajere, ba ya ɗaga kai daga takarda. Ya ce, "Darbat shams." Bugun rana ke nan. Ya tambaye ni tun yaushe ya daina gumi, na ce tun jiya, har mun yi murna. A nan ya ɗago ya dube ni.

"Murna? Ya sitti, baiwar Allah, in mutum ya daina gumi cikin wannan zafi, jikin ne ya miƙa wuya."

Ban manta maganar ba, kuma ita ce ta farko da nake so mai karanta wannan ya riƙe.

Kwana uku yana sambatu. Wani lokaci ya ƙirga, ɗaya, biyu, har bakwai, ya koma farko. Wani lokaci ya ce, "An ba su ruwa?" Yaya Kaltume ta ce, "Su wa yake nufi?" Na ce shuke-shuken Khawaja. Ni na san su wa, domin tun washegarin kwanciyarsa na zaro makulli daga aljihunsa na hau motar layi zuwa Sharafiyya. Amana ce aka ba mijina, ba zan bari ta mutu da yunwa yana kwance ba. Da na buɗe ɗakin nan sanyi ya daki fuskata, na ga halittu biyu a miƙe kan tayil, kowanne da kwanonsa da 'yar katifarsa, wallahi sai da na zage su tas. Barkono ya rama da haushi. Auduga ya tako a hankali ya zauna kan ƙafata, ya ɗago yana kallona kamar shi ma jiran labari yake.

Sati na biyu ya farfaɗo, amma aka ce ƙodarsa ta taɓu. Aka ba mu kwalba, duk fitsarin da ya yi a tara a auna. Ban taɓa tsammanin zan yi addu'a a kan fitsari ba, sai ga ni ina ɗaga kwalba a haske ina cewa Allah ƙara. Dangi kuwa kowa ya zama likita. Yaya Kaltume ta zo da ruwan gishiri ta ɗiga masa a kunne, ta ce haka suke cire rana daga kai a Sudan, in ka ji ruwan yana tafasa to ranar ce ke fita. Wani ya ce a yi masa ƙaho a ƙeya, wata ta kawo ruwan sha'ir, wata rubutu. Na bari ya sha rubutun da sha'ir, na hana ƙaho, Yaya ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Asibiti ba su karɓi ko sisi ba, wannan na gode musu. Amma kuɗin mota sau huɗu a yini da barin kasuwa suka cinye 'yan kunnena. Ranar da ya fara magana daidai, ya jira Yaya ta fita ya ce, "Ummu Hauwa, su fa?" Na ce suna nan garau, sun fi ka lafiya.

A sati na uku aka sallame mu, ba don ya warke ba, gadon ake bukata, masu faɗuwa a rana sun yi yawa. Likita ya ce, "Wata guda a wuri mai sanyi, ruwa da yawa, ba rana. In ya sake faɗuwa, ƙodar ba za ta tashi ba." Na so in tambaye shi ko ya taɓa shiga Hindawiyya, na haɗiye.

Gidanmu na katako ne da kwano. Na rataya jiƙaƙƙun buhuna a taga, na yayyafa ruwa a ƙasa, na zauna da mafici har hannuna ya sage. Zafin Jidda ba na rana kaɗai ba ne, iskar ce da kanta jiƙe take, ko a inuwa kake kamar an rufe ka da bargo. Kwana biyu kacal zazzaɓi ya dawo, fitsarin ya ragu. Na ga mijina yana tafiya ina kallo. Wuri mai sanyi ɗaya na sani a duniya wanda makullinsa ke hannuna.

Da na faɗa masa, ya juya fuska bango.

"Ni da karnuka ɗaki ɗaya? In yi salla a ina? In mutuwa ce, ta same ni a gidana da tsarkina."

"To, in na fitar da su fa? Akwai wani ɗakin a sama mai mukayyif, na samu makullinsa."

Ƙarya nake yi, babu wani makulli. Can ya ce, "Tayyib, na yarda, amma ki wanke ɗakin."

Na wanke shi sau bakwai, har da ƙasar, kafin na kai Abu Hauwa ciki. Na gaya wa Yaya Kaltume Khawaja ya bar mana ɗaki saboda irin wannan rana. Karnukan kuma na kai su wani lungu bayan kicin, ƙarƙashin matakala, inda rana ba ta shiga. Na shimfiɗa musu jiƙaƙƙun buhuna, na ajiye kwanon ruwa babba, kullum na sayo sandar ƙanƙara na jingina musu. Ƙarar mukayyif ta rufa mini asiri, in ya ji haushi daga nesa sai ya ɗauka daga sama ne.

Kwana goma ina jinya biyu. Abu Hauwa ya fara cin abinci, fitsarin ya fara haske, ya fara yi mini tsiya kan gishirin miya, na san ya dawo. Karnukan kuwa na koyi halinsu ba da niyya ba. Ba na fitar da su sai da sassafe da bayan magariba, sai na ɗora tafin hannuna a ƙasa, in na kasa jurewa su ma ba za su taka ba. Na lura kare ba ya gumi irin namu, haki yake yi, harshe a waje. Barkono siriri ne, yana jurewa. Auduga kuwa ga tsufa ga gashi ga guntun hanci, numfashinsa har gurnani yake, ya manna cikinsa a jikin ƙanƙara ya ƙi motsi. Na rage masa gashi da almakashi. Na gani sarai yana wahala, na ce wa raina saura kwana kaɗan.

Rana ta goma sha ɗaya azyab ta taso, iskar kudu mai zafi da nauyi wadda ko 'yan Jidda ke tsoro. Ranar ce kuma zan karɓo maganinsa a asibiti. Na fita da hantsi da niyyar dawowa kafin azahar, layi ya riƙe ni har la'asar, aka rufe tagar ba da magani sau biyu muna tsaye. Da na dawo ban shiga wurin mijina ba, lungun na nufa. Ƙanƙara ta narke ta bushe, buhunan sun yi ƙarau, kwanon ruwa a kife. Barkono yana haki a kusurwa. Auduga yana kwance a gefe, harshensa ya yi duhu, idonsa a buɗe bai san ni ba. Na san wannan kallon, na gan shi a gadon asibiti.

Ban yi wani tunani ba. Na sungume shi, na banke ƙofar ɗakin sanyi, na kwantar da shi a tayil gaban Abu Hauwa, na jiƙa mayafina na lulluɓe shi ina fifita. Ya sauko daga katifa da rarrafe ya karɓi maficin daga hannuna. Muka yi ta yi, ni ruwa shi fifita. Kafin magariba Auduga ya ja numfashi biyu masu tsawo, ya daina.

"A ina suke zama duk kwanakin nan?"

Na gaya masa. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Amana aka ba ni. Na kwanta a wurinsu, su suna gasuwa a waje." Ya dafa bango ya miƙe. "Shigo da ɗayan. Gobe ki kai ni gida."

Na ce likita ya ce ƙodar ba za ta tashi ba. Ya ce Allah ne mai tayarwa. Na san mijina, in ya ce gobe to gobe ne. Ba zai sake fitar da karen ba, ba zai zauna da shi ba, kuma gidanmu kabari ne a gare shi. Na yi kuka, na kuma ji haushinsa kamar in shaƙe shi.

Da gari ya waye ban nemo tasi ba. Na tafi Hindawiyya wurin Malam Bukari, tsohon limamin masallacinmu, wanda ya yi karatu a Barno kafin ya zo hajji ya zauna. Na durƙusa na kwance masa maganar da aka ce in binne, tun daga farin gashi har wanki bakwai. Na jira ya yi salati ya kore ni. Sai ya ce, "Miƙo mini sandata."

Mun iso gab da azahar. Abu Hauwa ya ga Malam a ƙofa, ya dube ni, ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malam ya zauna kan tabarma ya miƙe ƙafa yana cewa, "Masha Allahu, sanyi ni'ima." Barkono ya tsinke daga inda na ɗaure shi, ya yi haushi biyu, ya zo ya shinshina bakin rigar Malam, ya lashe ta. Abu Hauwa ya zabura zai kore shi.

"Bar shi, Haruna. Wa ya karantar da kai wankin riga sau bakwai?"

"Malam, mai shagon can ne ya ce..."

"Mai shago nasu karatun ya faɗa maka, kuma malamansu manya ne, ba mu raina su. Amma mu a karatun da muka gada, duk mai rai tsarkakke ne, har yawunsa. Ƙwarya ce in kare ya sa baki ake wankewa bakwai, bin umarni, ba riga ba, ba jikin mutum ba. Ajiye kare don ƙawa ba namu ba ne, gaskiya. To kai ajiyewa ka yi? Amana ce a hannunka, ga kuma lalura. Me ya hana ka tambaya?"

"Kunya, Malam."

"Kunya." Malam ya girgiza kai. "Ka kusa barin baiwar Allah nan da takaba a kan abin da ba a ɗora maka ba. Tashi, lokaci ya yi."

Na mayar da Barkono kusurwa na ɗaure. Malam Bukari ya miƙe da rigar nan, danshin yawun bai gama bushewa a bakinta ba, ya fuskanci alƙibla ya kabbara. Abu Hauwa ya bi shi a zaune. Ina bayansu ina jin sheshsheƙar kukan mijina har aka sallame.

Ya ƙarasa watansa a ɗakin, shi a gefe guda Barkono a gefe guda. Ƙodar ta tashi, ko da yake bai sake iya tsayawa a rana ba har yau, ɗan zafi kaɗan sai jiri. Da Khawaja suka dawo ya tare su a ƙofa ya faɗi gaskiya, ni kuma na ƙara da nawa laifin. Matar ta yi kuka mai yawa, ba ta zage mu ba, amma ba ta sake kallon fuskata ba, kuma ban ga laifinta ba. Suka bar shi a aikinsa har suka tashi daga ƙasar.

Ga abin da zan ce wa mai ji. Wanda fitsarinsa ya yi duhu cikin zafi, a ɗura masa ruwa, a raba shi da rana. Wanda ya daina gumi, kada a jira, a jiƙa shi a ruga asibiti. Wanda aka ba amanar dabba, ya sani inuwa kaɗai ba ta isa ba a garin nan, abin da zai kayar da mutum shi zai kayar da ita, ita kuma ba ta da bakin faɗa. Na gode wa Allah da ya bar mini mijina, na gode wa Bayamane, da Basudanen nan, da Yaya Kaltume duk da ruwan gishirinta. Amma ba zan ce raina fari tas yake ba. Mutum ya kusa mutuwa, dabbar da ba ta yi mana komai ba ta mutu a hannuna, duk a kan tambaya ɗaya da muka ji nauyin yi. Daga ƙofarmu zuwa zauren Malam Bukari, gida uku ne a tsakani.